Dutsen da Kawu Ya Bari Cikin Gwangwani

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa da ke Dangamaji ana tsakiyar cirar albasa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Allah Ya gafarta masa, Ya sa kabarinsa ya fi masa ɗakinsa daɗi. Ni kafinta ne a Jega. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba rubuta abin da ya wuce awon katako ba. Amma abin da na gani a zaman makokinsa ya hana ni yin shiru.

Ranar sadakar uku muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga wani dattijo daga Maiyama an sauke shi daga kan babur da ƙyar. Ya gaisa, aka yi addu'a aka shafa. Maimakon ya matsa gefe, sai ya sa hannu a aljihun taguwarsa ya ciro wani dutse ja, girman ƙwan zabuwa, da jijiyoyi farare a jikinsa kamar an zana su da alƙalami. Ya ajiye shi a gabansa.

"Marigayi yab ba ni wanga," in ji shi, "shekarar da niy yi kwance. Yac ce in zahi ya taso in riƙa murza shi, hannu ya samu abin yi."

Wani mai ɗori daga Aliero ya yi murmushi, shi ma ya ciro nasa, baƙi wuluk mai tsawo. Ya ce da shi yake murza wa mutane jijiya bayan an kwance kara. Wani Bafillace ya miƙo hannu aka ga nasa a zobe. Kafin a kira la'asar, tabarmar nan ta koma kamar ta mai talla a kasuwa: ja, fari, ruwan zuma, mai ɗigo-ɗigo. Kowa da labarin ranar da aka ba shi. Daga cikin gida aka ce mata ma haka suke yi, wasu na kuka wasu na dariya.

Ba kowa ne ya ga abin da kyau ba. Wani dillalin albasa da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Mutumen kirki na, Allah shi jiƙai. Amma don Allah, dattijo da hurhura shina wasa da tsakuwa awa yaro?" Ni kaina na sha faɗin abin da ya fi wannan, kuma a gaban Kawu na faɗa. Ni kaɗai ne a cikin mazan dangi ba ni da dutsen da zan ajiye a tabarmar. Ya ba ni nawa ranar da na gama koyon kafinta, na jefi akuya da shi a ƙofar shago, ban ko je na ɗauko ba.

Kawu manomi ne kamar kowa. Gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Abin da ya bambanta shi da sauran mutane duwatsu ne. Ba sana'a ba ce, don bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ya ce tun yana saurayi ya lura cewa dutsen gulbi in yana cikin ruwa launinsa na fitowa kamar an wanke ido, da ya bushe kuma sai ya mutu, ya koma tsakuwa kamar kowace. "Abin da nika so," yakan ce, "dutse ya zamna da huskar da shika da ita cikin ruwa." Shekara da shekaru wannan yake bi.

In ruwan gulbi ya ja baya, sai ka gan shi a bakin yashi ya sunkuya kamar mai neman allura. Ya ɗauki dutse ya lasa, ya ɗaga shi sama ya duba, ya jefa a aljihu ko ya mayar. In da azumi ne sai ya tsoma shi a ruwa maimakon lasa. Wanda ya fi so shi ne ja mai jijiya, irin wanda ake yin tsakiyar wuyan mata da shi. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, takan ce, "Mazan mutane in sunka tahi gulbi kihi suka kawowa. Ni nawa sai duwatsu. Aljihun da nig gyara mai bana kaɗai ya isa a ɗinka riga."

Dabararsa kuwa ita ce amalanke. Yana da amalanken shanu da yake kai albasa da hatsi kasuwar Jega, wani lokaci har Aliero. Ya samo babban gwangwanin fenti mai murfi, ya shimfiɗa masa robar taya a ciki, ya zuba duwatsu manya da ƙanana, ya ƙara yashi da ruwa, ya rufe, ya ɗaure shi tamau a tsakiyar ƙafar amalanken. Ƙafa na juyawa, gwangwani na juyawa, duwatsu na gogar juna. Shanu na aikinsu, duwatsu na nasu. In ya yi tafiye-tafiye da yashi mai kaushi, sai ya zubar, ya wanke, ya sa mai laushi. Bayan wannan kuma wanda ya fi shi laushi. A ƙarshe sai ya fitar da su, ya zauna bayan la'asar da guntun fata a kan gwiwa da toka a ƙwarya, yana goga su ɗaya-ɗaya.

Tun daga nesa ake sanin Kawu ne ke tafe. Kwaram-kwaram, kwaram-kwaram. Mata a ƙauyukan hanya kan ce wa juna, "Mai kiɗan tsakuwa ya wuce, ranar kasuwa ta yi." Shi kuwa da kunne yake gane aikin. Ya ce da fari duwatsun faɗa suke yi, daga baya su koma gardama, in ka ji sun koma raɗa to a sauya yashi. Maganar da ta fi yawa a bakinsa kuwa, har jikoki suka riƙa kwaikwayonsa da ita, ita ce "Bai yi ba tukuna." Za ka ga dutse na sheƙi kamar madubi, ka ce Kawu wannan ai ya yi, sai ya goga shi a kunci, ya girgiza kai. Ni yakan kira ni Gaggawa, tun ina yaro mai cin tuwo da zafinsa har na girma na yi iyali.

Rigimarsa babba da ƙanensa ce, wanda muke kira Kawu Malam, limamin unguwarsu. Akwai wani iri da Kawu ke gogewa, faffaɗa, cikin tafin hannu biyu, don marasa lafiya da tsofaffin da ruwa ke cutarwa su riƙa taimama da shi. Wanda ba ya iya sunkuyawa ƙasa sai a ajiye masa a gefen shimfiɗa. Wata rana a zaure, ina nan zaune, Kawu Malam ya tayar da maganar.

"Yaya, dutsen ga da kag goge da hannunka, ya tashi daga yadda Allah Ya halicce shi. Ina tsoron taimamar mutane."

"Gulbi ba goge shi shika yi ba? Ni gulbi nika taimako."

"Gulbi ba ya sa toka."

"Tokar wanke ta nika yi. Kai in ka wanke riga da sabulu, sabulu kaka sawa ka yi salla?"

"Yaya, maganar addini ba a yi mata ba'a."

"To tahi ka tambayi littattahanka. In sunka ce a'a, in maida su gulbi da hannuna."

Suka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Sannan Kawu Malam ya dawo da kansa ya ce ya duba, ya kuma tambayi na gaba da shi. Dutse dutse ne, muddin wuta ba ta dafa shi ba, kuma muddin ba a shafa masa wani abu da zai shiga tsakanin tafin hannu da jikinsa ba. Kawu ya riƙe wannan sharaɗin fiye da wanda ya kawo shi. Daga ranar, ko tuwo ya ci ba ya taɓa dutsen taimama sai ya wanke hannu da sabulu, don kada maiƙo ya hau. Kawu Malam kuwa ya roƙi guda ɗaya, wai saboda baƙi. "Baƙin nan naka," in ji Kawu, "halan ciwon gwiwa gare su irin naka?"

Yanzu zan faɗi nawa, don ba zan yabi Kawu in ɓoye abin da ya sa na san girmansa ba. Dangi duk sun sani, ba asiri ba ne.

Mahaifiyata, Inna, a wurina take a Jega bayan rasuwar mahaifinmu. Ciwo ya kama ta, hannuwa da ƙafafu suka kumbura suka tsage, a asibiti aka ce ta nisanci ruwa. Kawu ya kawo mata dutse fari mai ratsin toka-toka. Ya riga ya fito daga gwangwani, saura gugar fata. Damina ce, noma ya sha masa kai, sai ya miƙa mini dutsen da fata da toka.

"Gaggawa, kullum bayan la'asar ka goga. Kar ka ba ta sai ya daina kama zaren riga. Kamin nan ta yi da yashi a hwaranti."

Na goga yamma ɗaya, na goga ta biyu. Kafaɗa ta yi ciwo, dutse bai nuna ya san ina yi ba. A shagona kuwa ga banish, man nan da muke shafa wa katako ya yi sheƙi. Burushi ɗaya na ja masa, na shanya a rana. Washegari ya fito sumul yana ɗaukar ido. Ina nan ranar da Kawu Malam ya faɗi sharaɗin, da kunnena na ji. Ban manta ba. Na dai ce wa kaina ɗan abu kaɗan ne, wa zai sani. Inna ta karɓa tana shafawa, ta ce, "Kai, ka hi kawunka iyawa." Na ji daɗin yabon, Allah Ya yafe mini.

Ruwa ya yanke hanya, Kawu ya yi makonni bai zo ba. Duk wannan lokacin Inna na buga tafinta a kan banish tana salla. Ranar da ya zo ya gaishe ta, ya ɗauki dutsen ya juya shi, ya kai hanci. Ya kira ni waje, gindin darbejiya.

"Mi kash shahwa mai?"

"Toka da hwata, Kawu."

Ya sa farce ya kankari gefen dutsen, ya nuna mini ɓawon da ya fito, siriri kamar na albasa. Ya tsaya yana dubana. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kai wa Kawu Malam magana, ya ce abin da ya fi aminci shi ne ta rama sallolin. Tsohuwa mai ciwo, wadda zama ma da ƙyar take yi. Na so ta zage ni, amma abin da ta ce shi ne, "Ɗana so yay yi in ga abu mai kyau." Kawu ya zauna a tsakar gidana ya kankare banish ɗin da yashi, ya goge dutsen da kansa. Sannan ya kawo kwano biyu da ƙananan duwatsunsa, kowace salla dutse ɗaya. In ta rama ɗaya ta ɗauke dutse daga wannan kwano ta jefa a wancan. Daga baya ya ɗauke ta ya kai ta Dangamaji don Iya ta yi jinyarta. A can ta rasu bayan kaka. Ban taɓa tambaya ba ko kwanon ya ƙare kafin ta tafi. Tsoron amsar ya sa na rage zuwa gidan Kawu, sai da salla ko suna, in gaisa a tsaitsaye in gudu. Shi kuwa bai ƙara tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da ya gan ni sai ya danƙa mini dutse a hannu ya ce, "Gaggawa, duba man, ya yi?" In ce ya yi. Ya yi dariya ya ce bai yi ba tukuna.

Da aka watse daga sadakar uku, babbar 'yar Kawu ta kira ni cikin gida. Taubashiyata ce, tun muna yara take kirana bawanta, ni kuma ina ce mata mai bakin reza. Ta kai ni ɗakin Iya, wadda ta shiga takaba. Kawu Malam na zaune a bakin ƙofa. Iya ta miƙo hannu don mu gaisa, na ga tafin nata duk ya tsage, wani wuri har da jini. Irin ciwon Inna ne ya kama ta. A gefenta ga farantin yashi.

"Ina dutsenki, Iya?" na tambaya.

"Tambayi kawunka," in ji ta. "Wata tsohuwa ta kwanta ciwo Birnin Malam, yaz zo ina barci yaɗ ɗauke shi yak kai mata. Da nit tashi yac ce wai nawa na nan tahe, wanda yah hi shi. Mutum ya goge ma duniya duwatsu, matarshi na taimama da yashi awa kaza." Ta yi dariya, sai dariyar ta juye kuka.

Bangon ɗakinta da can na ƙasa ne, tana iya buga hannu a kai. Ɗanta ya shafe shi da siminti ya yi masa fenti don kyautatawa. Ƙasa kuwa ba ta iya sunkuyawa gare ta. Saura yashin faranti, shi kuma yana shiga tsagar hannun, sau biyar a rana. Dutsen da Kawu ya yi mata alkawari na cikin gwangwani, a ɗaure a ƙafar amalanke, bai daɗe da shiga yashin farko ba. Ɗan Kawu kuma ya ce da an gama kwasar albasa zai sayar da shanun da amalanken, don yanzu mota ke shigowa har bakin fadama.

Kawu Malam ya nuna ni da haɓa. "A ba wanga ya ƙarasa."

"Wa?" in ji taubashiyata. "Mai banish? Baba, so kaka yi Iya ta rama sallar shekara?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta faɗi ƙarya ba.

"Ba shi," in ji Iya tana share ido. "Hannuna ad da ciwo, hancina lahiya lau shike."

Na ɗauki gwangwanin na tafi da shi Jega, kuma abu na farko da na yi shi ne halina. Na ce me zai sa in bi shanu alhali ina da injin yankan katako. Na haɗa gwangwanin da bel, na tayar. Ya yi ta juyawa yini guda kamar zai tashi sama, amma ban ji kwaram-kwaram ba, sai wani gunji. Da na buɗe, dutsen na nan yadda yake, faffaɗa, ruwan zuma da ratsin ja, jikinsa kamar harshen saniya. Sai a lokacin na tuna Kawu ya taɓa gaya mini, ina rabin saurare, cewa in juyi ya yi sauri duwatsu manne wa bango suke yi, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Tafiyar shanu ita ce daidai.

Na koma Dangamaji na roƙi ɗan Kawu ya bar ni in kwashe masa sauran albasar da amalanke. Ya dube ni kamar na taɓu, amma ya yarda. Na riƙa rufe shago rabin mako, na zama mai kora shanu. Abokan sana'ata a Jega suka samu abin yi. "Kafinta, an koma gado?" "A kawo maka goge ka haɗa da kiɗan?" Ban kula ba. Abin da ya karya mini zuciya a wani ƙauye ne na kan hanya. Wata mata ta fito da gudu daga gida, hannunta duk gari, ta ji ƙarar gwangwani. Da ta ga ni ne a kan amalanken sai ta tsaya cak. Ta ce, "Na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

Ban san aikin ba, don shekarun da ya kamata in koya na yi su ina dariya. Sai na riƙa tsintarsa a bakin mutane. Wani masunci ya nuna mini lanƙwasar gulbi inda Kawu ke ɗibar yashi mai laushi kamar gari. Iya ta ce tokar karan gero yake so, ba ta itace ba, kuma sai an tace ta da tsumma. Fatar kuwa a zauren Kawu Malam na same ta. Ashe shekarun baya-bayan nan a can Kawu ke zama yana guga, mai littafi na karatu, mai dutse na aikinsa.

Ranar da na je karɓar toka, taubashiyata ta fita ɗibar ruwa, muka rage ni da Iya. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Iya, kwanon Inna. Ya ƙare?"

Ta daɗe tana dubana. "Shi na abin da yah hana ka zama gidan ga shekara da shekaru?"

Sai ta ci gaba.

"Ya ƙare tun ba a yanke gero ba. Ni nir riƙa mata kwanon ranar ta ƙarshe. Har guɗa tay yi, da muryar tata ta marar lahiya. Kawunka yac ce kar a gaya maka sai ka tambaya da bakinka. Ya jira, ya jira." Ta nuna waje da hannu, wajen amalanke. "Ƙananan da ac cikin gwangwanin, su ka goga babban, kana tsammanin waɗanne na? Na kwanonta na. Yac ce sun saba da aiki."

Na fita na zauna a gindin amalanken, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Albasa ta ƙare, na koma kai taki gonaki, nawa da na maƙwabta, duk don ƙafar ta juya. Ɗan Kawu ya ɗaga sayar da shanun, ya sake ɗagawa, yana gunaguni. Na fara jin abin da Kawu ke ji. Wata safiya a hanyar fadama na tsayar da shanu na kasa kunne, na tabbata duwatsun sun bar faɗa sun koma gardama. Na yi ta murna ni kaɗai kamar an yi mini haihuwa. Aka sauya yashi, aka sake sauyawa. Ruwan farko ya sauka kafin su koma raɗa.

Gugar fata ce ta fi wuya, don nan ne na faɗi a karon farko. Taubashiyata na kirana a waya kusan kullum. "Bawana, hannun Iya na jini, kai kana can kana lallashin dutse. Ko sai ta gama takaba?" Gaskiyarta, kuma ita ce jarabawar. Ga hannun tsohuwa na ciwo, ga gwangwanin banish a kan kantar shago yana kallona. Ba zan ce zuciyata ba ta raya mini ba. Na kwashe banish ɗin gaba ɗaya na kai shagon maƙwabcina na ce ya riƙe mini. Kullum bayan la'asar in wanke hannu da sabulu, in ɗora fata a gwiwa, in goga har kafaɗa ta mutu. In gwada shi a kan riga, ya kama zare, in ci gaba. Har ranar da na ja shi a kan hannun rigata ya wuce sulu, bai kama komai ba.

Na wanke shi sau da yawa, na naɗe a farin ƙyalle, na kai Dangamaji wata Juma'a da yamma. Kawu Malam ne ya fara karɓa. Ya sa farce ya kankara nan, ya kankara can, ya duba farcen, ya miƙa wa taubashiyata. Ta ɗaga shi wajen haske. A bushe yake, amma ruwan zumar da ratsin jan nan sun fito kamar yanzu aka tsamo shi daga gulbi.

"Wa kab biya yay yi maka?" in ji ta.

Iya ta karɓa da hannu biyu. Ta kai shi hanci ta shaƙa, ta juya ɗaya gefen ta sake shaƙa, ta daɗe, har gumi ya keto mini. Sannan ta goga shi a kunci, yadda Kawu ke yi, ta lumshe ido.

"Bai yi ba tukuna," in ji ta.

Kafin in buɗe baki aka kira la'asar daga masallacin unguwa. Kawu Malam ya miƙe yana neman takalmansa. Iya ta ture farantin yashi da ƙafa.

"Amma lokaci ya yi. Aje man shi nan bisa matashi. Ran Juma'a ka zo da hwatar taka ka ƙara mai, kana yi muna hira."

Ta yi bisimilla, ta ɗora tafukanta a kai, ta shafi fuska. Na duba dutsen bayan ta ɗauke hannu, babu ko ɗigon jini.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka jiƙan Inna, Ka ba Iya lafiya, Ka yafe wa mai gaggawa. Wanda duk yake da dutsen Kawu a aljihu ko a gefen shimfiɗa, in hannunsa ya taɓa shi, ina roƙo ya yi masa addu'a. Shanun dai an sayar, amma amalanken na roƙa an bar mini, kuma wani maƙwabci ya ce zai riƙa ara mini jakinsa. Juma'ar da ta wuce, bayan na gama yi wa dutsen Iya guga, na bi ta bakin gulbi. Ban san lokacin da na sunkuya ba, sai dai na ji ɗanɗanon yashi a harshena.